Lissafin Dare a Duluth

Ƙarfe ɗaya na dare, teburin kicin,
kofi ya huce tun ɗazu ban kurɓa ba.
A waje ƙanƙara ta binne motar Gunnar,
jirgin tama yana kuka can bakin tafki,
ni kuwa ga ni da biro da takardar makaranta.

Shekara ashirin da biyu ina yi wa wasu lissafi,
kuɗin jiragen da ba nawa ba,
albashin mutanen da ban san fuskarsu ba.
Ko sisi bai taɓa ɓace mini ba.
Yau lissafin kaina ya gagare ni.

Dala dubu talatin da takwas, in ji takarda,
ban da littattafai, ban da farin takalmi,
ban da man mota zuwa asibitin koyo
tun gari bai waye ba.
Ban da albashin shekara biyu da zan bari.
Sakin reshe ke nan,
ganyen kuma ban san ƙarfinsa ba.

Shekarata arba'in da bakwai.
Ranar da zan gama, hamsin ba ɗaya.
Bashin banki zai raka ni har sittin,
shi da ciwon gwiwar nan ta hagu
su riƙa gardamar wa zai fara kai ni ƙasa.
Zan zauna aji da sa'o'in 'yata,
ina haddar sunan ƙasusuwa
da kan da ke manta inda ya ajiye makulli.

Britta za ta shiga jami'a baɗi.
Jiya ta leƙo ta ga takardun,
ta ce, "Mama, ashe gasar cin bashi za mu yi."
Muka yi dariya, ta haye sama ta yi barcinta.
Gunnar ya ce ya ji, ya amince,
amma na ga yana ta juya cokali a kofi
alhali bai sa sukari ba.

Na ja layi a tsakiyar takarda,
riba a dama, hasara a hagu.
Hagu ta cika har ta tumbatsa.
A dama na rubuta: aikin jinya ba ya yankewa.
Na rubuta: inshorar lafiya.
Sai biro ya cije.

Abin da ya zaunar da ni a teburin nan
ba shi da gurbi a layukan.
Watan Fabrairu ne, hawa na huɗu,
Baba yana kwance, ya daina gane sunana.
Wata nas mai furfura, Marisol,
ta shigo ƙarfe uku ba wanda ya kira ta,
ta jiƙa auduga ta shafa masa a leɓe,
ta ce mini, "Zo mu juya shi.
Riƙe nan. A'a, ƙasa kaɗan. Yawwa."
Na riƙe.
Hannun da bai san komai ba sai madannin kwamfuta
ya ji nauyin kafaɗar mutum,
ya ji numfashi ya sauka, ya daidaita.
Tun daga ranar hannun nan yake mini ƙorafi.

Kada in yaudari kaina dai.
Da asuba na gan ta a lungun matakala,
ta tuɓe takalmi, ƙafa ta kumbura suntum,
tana cin biskit idonta a rufe.
Wannan ma na sa shi a hagu.

To nawa zan rubuta a dama?
Ni da nake yi wa komai farashi,
na rasa adadin da zan ba kafaɗar Baba.

Motar share ƙanƙara ta wuce,
fitilarta ta lashi bango ta tafi.
Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu.
Kuɗin fom dala sittin ne kacal,
wannan kam ina da shi a jaka.

Na gyara zama, na rubuta a layin farko:
Loretta Nyquist.
Layi na biyu yana tambayar ranar haihuwa.
Na tashi in ɗumama kofin tukuna.